Yadda Na Gasa Hedimastana Daga Kwatano Zuwa Abaji

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. Duk wanda ya shigo garejina, ko mota ya zo gani ko inuwa ya zo sha, sai ya tambaye ni wai da gaske ne na gasa Baba Hedimasta. Wasu sun ce har asibiti aka kwantar da shi. Wani direba a tashar Kachia ma ya rantse wai da idonsa ya ga hayaƙi yana fita daga wandon dattijon, alhali ko ta Kachia ba mu biyo ba. Na gaji da gyara labarin baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi.

Sunana Garba, a Kafanchan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Da dakon citta na fara, na koma sayar da babura, yau sama da shekara ashirin ina sayar da motoci. Yawancin masu saye a wurina malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da fastoci, kuma duk ranar Lahadi suna haɗuwa. Idan ka sayar wa ɗayansu mota mai kyau, ikilisiya guda ka samu. Idan ka cuci ɗaya, kafin a gama waƙar rufe sujada sunanka ya kai Kagoro.

To, wani Rabaran ne zai yi ritaya ya koma ƙauyensu Nok, ikilisiyarsa ta yanke shawarar sallamarsa da mota. Komiti suka ba ni aikin kawo ta. Ciyamansu, Mista Bulus, bai so haka ba, don yana da suruki mai sayar da motoci a Sabon Tasha. Da ya ga an rinjaye shi, sai ya kafa sharaɗi: dattijo ɗaya zai bi ni har Kwatano ya ga motar da idonsa, mu dawo tare, kuma abin da ya faɗa a gaban komiti ranar Asabar shi ne hukunci. Idan ya ce motar tana da matsala, in kwashe kayata a gaban jama'a, a kira suruki.

Dattijon da suka zaɓa shi ne Baba Ayuba, tsohon hedimastan firamarenmu. Shi ya koyar da ni har aji huɗu, inda na tsere kasuwa ban sake waiwayar allo ba. Babu makon da bai kwantar da ni a kan benci ya zane ni ba saboda ƙin karatu. Duk Kafanchan Alhaji Garba ake ce mini, shi kaɗai yake kirana Garba tsurarsa, kuma har yau idan ya kira sai na ji bayana ya tuna.

Da safe muka kama hanya a motar haya, muka canza zuwa doguwar bas a Abuja. Kayan Baba jaka ɗaya ce: Littafi Mai Tsarki, filas, lema, da sabon littafin rubutu mai layi wanda ya ce na rahoton komiti ne. Duk allon da muka wuce a bakin hanya sai ya karanta shi da ƙarfi, ya gyara masa Turanci. Wani mai tallan magani ya miƙe a cikin bas ya yi awa guda yana bayanin ƙwaya ɗaya da take warkar da ciwon haƙori da rashin haihuwa da mantuwa. Baba ya nemi kwalin, ya sa tabarau, ya ce wa mutumin a rubuce dai maganin tsutsar ciki ne. Mutumin ya sauka a tasha ta gaba bai yi wa kowa sallama ba.

A boda, lokacin ana shigo da motoci ta Seme, Baba ya ce in bar masa magana, wai ya yi Faransanci a kwalejin horon malamai. Ya gyara tsayuwa a gaban wani jandarma, ya saki wata doguwar gaisuwa da ya adana shekara arba'in da wani abu. Jandarman ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da Hausa garau, "Sannu Baba, ina gajiya? Kawo takardarka."

Kwatano gari ne mai abin mamaki. 'Yan acabarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, kuma idan danja ta nuna ja sai ka ga sun tsaya, babu ɗan sanda babu dorina. Rana tana kaiwa tsaka sai masu ofis su kulle su tafi cin abinci, ko da kai ne a bakin ƙofa da buƙatarka. Mu a gida ba ma kulle ofis, a buɗe muke barinsa mu tafi. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, idan ya kwana kuwa zai iya yin aikinta. A Zango muka sauka, gidan wani mai masauki da na saba da shi. Da asuba ina salla, Baba yana gefe yana karatun Zabura a hankali. Kwana uku ba a ɗauke wuta ba, har ya tambayi mai gidan ko layin asibiti suke sha.

Abincin ne ya ɗan ba shi wahala. Akwai wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, a ci da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono ɗanye. Baba ya saba da tuwon acca da miyar karkashi, amma ya ce ba zai bar ƙasar mutane bai ɗanɗana abincinsu ba. Ya ci har da ƙari, yana hawaye yana yabawa. Ku riƙe wannan barkonon, don shi ya ɗauki laifina kwana guda cur.

A filin motoci na zaɓi wata mai ruwan toka. Mu duk motar da aka hau a waje Beljiyam muke ce mata, amma wannan daga Kanada ta fito. Na buɗe inji na saurara, na duba mai, na shiga ƙarƙashinta na ga gishirin ƙanƙara bai ci ƙarfen ba. A wannan fannin ba na jin tsoron kowa. Ba ta da ramin makulli, sai dai ka taka birki ka danna maɓalli, na nuna wa Baba haka, ya jinjina kai ya rubuta.

Sai ya buɗe 'yar durowar da take gaban kujerarsa, ya zaro wani littafi mai kauri.

"Garba, wannan fa?"

"Littafin mota ne, Baba. Bar shi kawai. Mu masu ƙosai muke ba wa, su yi ƙunshi da shi."

"Ba ka karantawa?"

"Baba, mota ba jarrabawa ba ce. Da kunne ake saninta."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da littafin. Sannan ya nuna wasu maɓallai biyu a tsakanin kujerunmu. Kowanne yana da hoton kujera, da layuka uku masu lanƙwasa suna tashi daga kanta. Ya ce na mene ne?

Gaskiya ita ce ban sani ba. Na taɓa ganin irinsu a wasu motoci, ban taɓa dannawa ba, babu kuma wanda ya taɓa tambayata. Amma a sana'armu akwai kalmar da ba a furtawa a gaban mai saye, ita ce "ban sani ba". Na dubi layukan nan masu lanƙwasa, na ga da iska suka yi kama.

"Na sanyaya kujera ne, Baba. Iska yake hurowa daga ƙasa, don kada zufa ta jiƙa wa babban mutum riga."

"Kai! Bature ya ci gaba," in ji shi, ya rubuta.

Da aka gama takardu muka tsallako boda, sai na danna masa nasa. Wata 'yar jar fitila ta kama. Nawa ban taɓa ba, don a tunanina abin yana shan mai, kuma daɗi irin wannan na manya ne. Duk lokacin da muka tsaya muka sake tashi, kafin ma in sa giya sai na danna masa. Ladabi nake yi.

A Legas motar ta fara nuna halinta. Duk ɗan acabar da ya matso kusa da ita sai ta kama ƙara, ƙit ƙit ƙit, idan ya ƙara matsowa ta saki kuka gaba ɗaya. A ƙasar da aka yi ta, mota ba ta kusantar mota sai da dalili. A Legas kuwa tazarar da ke tsakaninka da na gabanka kaurin fenti ce. Baba ya rubuta: na ɗaya, tana ihu. A shingen farko da masu kaki suka tare mu, ina taka birki sai injin ya mutu murus. Ina ɗaga ƙafa sai ya tashi da kansa. Muka yi haka a shinge bakwai kafin Ibadan. Na gane dai da gangan take yi, amma ban san dalili ba, sai na ce wa Baba girmama hukuma take yi. Bai yi dariya ba. Ya rubuta: na biyu, tana suma.

Tun kafin nan na lura yana ta gyara zama. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya ɗaga kansa da hannu biyu kamar mai tsoron ƙaya.

"Garba, kujeran nan yana da ɗumi fa."

"Bari in ƙara maka iska, Baba."

Na sake dannawa, fitila ta zama biyu. Bayan rabin awa ya ce abin ƙaruwa yake yi. Na danna ta uku. Na ce masa yanzu ta kai ƙarshe, ya ba ta lokaci. Ga esi yana busa masa sanyi a fuska har ya ɗaure wuya da gyale, ga ƙasa yana dahuwa. Ya shimfiɗa jarida, bai yi ba. Ya ninka tawul, bai yi ba. Da muka tsaya cin amala na taɓa kujerar na ji ta da zafi, sai na ce zafin jikinsa ne. Can ya sauke murya ya ce, "Ko barkonon mutanen nan ne ya tayar mini da basir?"

Na ce ba shakka shi ne. Har cikin raina na yarda, don hakan ya fi mini sauƙi.

A Lokoja muka kwana, wani masauki da fankarsa take juyawa kamar ana roƙonta. Kafin magariba Baba ya sayi maganin basir a galan wurin wata mata, ya sha kofi guda yana yamutsa fuska, ya ƙi kifin da garin ya yi suna da shi, ya sha kunu kawai. Da safe ya ce ya warke sarai, ya gode wa Ubangiji. Muka shiga mota, na tayar, na danna masa sau uku don kada a yi wasa da lafiyarsa.

Ba mu kai Koton Karfe ba ya ce in tsaya.

Akwai wani makanike a bakin hanya. Ya taɓa kujerar, ya janye hannu, ya leƙa ƙarƙashin mota bai ko durƙusa sosai ba, ya ce, "Oga, salansa ne ya fashe a daidai nan. In ba a cire kujerar an yanke shi ba, wuta za ta tashi kafin Abuja." Na san salansa ba ta nan ya bi ba, na kuma ga yadda yake kallon kujerar kamar ya riga ya sami mai sayenta. Na ce mun gode. Amma Baba ya ji kalmar wuta.

A Abaji ya tattara jaridarsa da tawul ya koma kujerar baya. Muka yi tafiyar minti ashirin. Sannan ya ce, "Garba, nan lafiya ƙalau. Ashe ba ni ba ne. Na sha ɗaci a banza." Na gan shi ta madubi yana rubutu: na uku, tana zazzaɓi. Ya kira Ciyaman a waya, kuma Baba irin mutanen nan ne da suke ɗaga murya daidai da nisan wanda suke kira.

"Bulus, motan yana da kyau a ido, amma akwai magana. Yana ihu, yana suma, yana zazzaɓi. E. E, to, ka gaya wa surukin naka ya zama a shirye."

Na riƙe sitiyari ina ganin yadda Asabar za ta kasance: filin majami'a cike, zumuntar mata da ganguna, ni kuma ina ribas da mota tana ihu. Shekara ashirin ina gina suna, zai rushe a kan mazaunan mutum ɗaya.

Littafinsa Mai Tsarki yana cikin but ɗin mota, Baba kuwa ba ya iya zama babu abin karantawa. Da allunan hanya suka ƙare masa bayan Bwari, sai ya ce in miƙo masa littafin masu ƙosai. Na miƙa masa don ya bar ni da damuwata. Rabinsa Faransanci ne rabi Turanci. Tun daga Jere har Kagarko ba na jin komai sai ƙarar buɗe shafi. Sau ɗaya ya ce "Uhm." Can kuma ya ce "Ashe." Muna dab da Kwoi sai ya rufe littafin da yatsa a ciki.

"Garba, faka."

Na san wannan muryar. Na gangara ƙarƙashin wani mangwaro kusa da wata gonar citta.

"Kada ka kashe. Zagayo ka zauna a nan."

Na koma kujerar da ya baro. Ya miƙa hannu ya danna maɓallin sau uku da kansa, ya ɗora mini littafin a cinya, ya tsaya a bakin ƙofa da lemarsa a hannu yadda yake riƙe bulala a da.

"Karanta. Daga nan. Da ƙarfi."

Turancina na kasuwa ne, na baki. Na bi haruffan da yatsa ina haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu mata biyu masu ciyawa a gonar suka miƙe suna kallon Alhaji da babbar riga yana in'ina a kan layi ɗaya. Kafin in kai ƙarshen layi na biyu ban ƙara buƙatar fassara ba, don bayanin ya fara shigowa ta ƙasa. Waya ce a cikin kujerar mai yin zafi kamar ta dutsen guga, an yi ta don mutanen da ƙanƙara take daskarar musu da mota. Layukan nan uku ba iska ba ne, tururi ne. A ƙasan shafin har an ja kunne da manyan baƙaƙe cewa kada a daɗe a mataki na uku, musamman ga tsofaffi.

"Iska ne?" in ji Baba.

"A'a, Baba."

"Da na tambaye ka a Kwatano, ka sani?"

Na yi yunƙurin tashi, ya tokare ƙofa da lema.

"Ban sani ba, Baba."

"Maimaita."

"Ban sani ba."

"Yawwa. Tun kana aji biyu nake jiran ka faɗi wannan. Sauko kafin ka ƙone."

A nan gindin mangwaro ya nuna mini sauran. Ihun da take yi, wasu 'yan idanu ne a jikin bamba masu auna kusancin abu, kuma akwai maɓallin da ake yi musu shiru idan an shiga cunkoso. Suman kuwa tattalin mai ne, tana kashe inji idan an tsaya, shi ma ana iya hana ta. Har ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a gefen ƙofar baya da idan aka tura shi ba a iya buɗewa daga ciki, saboda yara. Nan na tuna wata mota da na taɓa sa kafinta ya farke wa ƙofa a kan wannan. Ban gaya masa ba.

Na ce, "Baba, yanzu me za ka faɗa wa komiti?"

"Gaskiya mana. Yau Alhamis. Kana da gobe. Ranar Asabar duk abin da aka nuna a motan nan kai za ka yi bayani, ni ina riƙe da littafi. Ka faɗi ɗaya, na ba Bulus gaskiya."

Ranar Juma'a, in ban da masallaci, ban fita ko'ina ba. Na kulle gareji na zauna a cikin motar da littafi, ina karantawa ina dannawa. Uwargidana ta leƙo sau biyu ta tambaya ko lafiya.

Asabar da hantsi filin majami'a ya cika. Mista Bulus ya zo da kwat, surukinsa kuma ya faka wata baƙar mota a bakin get, an wanke ta tana sheƙi. Aka ce Baba ya ba da rahoto. Ya buɗe littafinsa mai layi, ya karanta laifuffukan nan uku ɗaya bayan ɗaya, Ciyaman yana gyaɗa kai kamar ana masa waƙa. Sannan ya rufe.

"Na bincika duka. Motan lafiyansa ƙalau. Dillalin ne ba shi da lafiya, amma ya fara shan magani. Ku gwada shi."

Ciyaman bai bar maɓalli ko ɗaya ba. Ya nuna mai hoton mota a kan karkatattun layuka, na ce na hana santsi ne idan taya ta zame a laka. Ya nuna wata fitila mai kama da tukunya, na ce iskar taya take faɗa. Ya nuna wani a jikin sitiyari, na ce na riƙe gudu ne a doguwar hanya, amma ban ba Rabaran shawarar gwada shi tsakanin Kwoi da Nok ba. Sai ya taɓa wani ɗan ƙarami a saman madubi. Na duba, na sake dubawa.

Na ce, "Wannan ban sani ba. A ba ni littafi."

Baba ya miƙo mini, ya ce wa komiti, "Wannan ma amsa ne. Na ba shi maki." Ashe na buɗe ƙofar gareji ne daga nesa, irin ta gidajen can. Rabaran ya ce a Nok jikokinsa ne suke wannan aikin, kuma su ba sa buƙatar batir.

Ciyaman ya ce duk da haka, ina amfanin kujera mai zafi a ƙasar nan? Kafin in buɗe baki, Mama, matar Rabaran, wadda kowa ya san ta da ciwon baya musamman da damina, ta ce a matsa mata ta ji. Na danna mata sau ɗaya tak. Ta zauna, ta jingina, ta lumshe ido. Aka yi addu'ar keɓe mota, aka yi waƙa biyu, aka fara raba shinkafa, Mama ba ta fito ba. Da aka je kiranta sai ta ce a kawo mata nata a nan. Ban ga lokacin da baƙar motar nan ta bar bakin get ba.

Yanzu duk motar da ta shigo garejina, littafinta nake fara nema, masu ƙosai kuma sun yi fushi da ni. Malamai uku sun riga sun zo neman mota mai gasa baya.

Makon jiya Baba ya biyo ta gareji, 'yan zaman inuwa suka taso shi da tsiya wai Alhaji ya rama bulalar firamare. Ya bar su suka gama dariya, ya duba bencin da na ba shi da tafin hannu kafin ya zauna, sannan ya ce:

"Garba, shekara huɗu ina zane maka mazaunai don ka yi karatu, ba ka yi ba. Kai ka gasa nawa kwana biyu, sai ga ka da littafi a hannu. Da na san hanyan ke nan, da tun a aji ɗaya na ba ka bulalan na kwanta."